Lakabin da Yaro Ya Samo Daga Waya: Amsa ga Wata Kaka

Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na karanta saƙonki a tsanake, kuma ga abin da na fahimta. Ɗanki da matarsa suna zaune a Abuja, nesa da dangi, da yaransu biyu. Babban yana da shekara huɗu, shi ne aka raɗa wa sunan marigayi maigidanki, ƙaramar kuwa ba ta cika shekara biyu ba. Kin yi kwana goma a gidan, ba ki ji uwar ta kira ko ɗayansu da sunan da kika sani ba: yarinyar "el-o" ce ko "bebi", yaron kuma "lanlod" ne, idan ya yi ɓarna ya zama "ɗan ta'addana", ana faɗa ana dariya. Abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne ranar da kika tambayi yaron sunansa, ya ce miki Lanlod. Kina son ki san daga ina waɗannan kalmomi suka fito, ko suna cutar da yaro, kuma ko ki yi magana ko ki ja bakinki.

Na daɗe ina koyar da ilimin walwalar harshe, wato nazarin yadda harshe ke tafiya a bakin jama'a, kuma amsata a taƙaice ita ce kalmomin nan ba kuɗinsu ɗaya ba. Wasu ba su da illa ko kaɗan, ɗaya daga cikinsu ta cancanci ki yi magana a kanta ba tare da jinkiri ba, sannan akwai wani gurbi da duk suka shigo suka cike, wanda a ganina ke ce kika fi kowa ikon rufe shi.

"El-o" harufa biyu ne na boko, L da O, farkon kalmomin Turanci biyu masu ma'anar "ɗan ƙarami". Iyaye mata masu magana da Turanci a Amurka da Ingila ne suka yaɗa ta, tun lokacin da suka fara tattauna reno da shayarwa ta intanet, tare da 'yan'uwanta irin su DS da DD, masu nufin "ɗana abin ƙauna" da "'yata abar ƙauna", da DH da ake nufin miji da ita. An ƙirƙire su ne don yatsa ya huta da dogon rubutu, kuma don mace ta iya ba da labarin ɗanta a gaban dubban baƙin ido ba tare da ta bayyana sunansa ba. "Lanlod" kuwa mai gidan haya ne, kuma raha ce ta iyaye: wai yaron ne mai gidan, shi ke sa dokar lokacin barci da lokacin tashi, uwa da uba 'yan haya ne kawai. Ba a wajenmu kaɗai ake yin irin wannan ba. A shekarar 2020, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, iyaye a ƙasar Sin sun yayata wata kalma, "shenshou", mai nufin dabbar almara mai ban al'ajabi, suna kiran yaransu da suka cika musu gida da ita, har ta fita daga waya ta shiga bakin kowa.

Fitar kalma daga rubutu zuwa baki ba baƙon abu ba ne a Hausa. Ke kanki kin taso kina jin ana cewa En'e da Di'o, kuma dukkansu harufa ne da Turawan mulki suke rubutawa a takardun ofis, Bahaushe ya ɗauke su ya mayar da su kalmomi. Yau ma muna cewa dipio ba tare da mun tuna cewa harufa uku ne ba. Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes ɗaya ba ya wuce harafi 160, sai matasa suka koyi rubuta "slm" da "ykk" da "lfy" da "ngd". Amma ki lura, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya furta "lfy", domin cire wasula kawai aka yi, mai karatu yana mayar da su da kansa ya ce "lafiya". Taƙaitawar Turanci ta bambanta: ana kiran sunayen harufan ɗaya bayan ɗaya, sai su ba da sauti mai daɗin faɗa, gajere, mai ƙarewa da wasali kamar yadda yawancin kalmomin Hausa suke. Shi ya sa "el-o" ta zauna a baki cikin sauƙi, har tana kama da sunayen gida irin su Indo da Iro da Mairo.

Dalilin da ya fi wannan ƙarfi shi ne zaman da surukarki take yi. Lokacin da kika yi haihuwar fari, Hajiya, ina kyautata zaton a tsakar gida mai cike da mata kika yi jego. Akwai uwar miji, akwai faccaloli, akwai gwaggo da inna, akwai ungozoma da ke zuwa wankan jego safe da yamma, kuma daga bakinsu kika koyi yadda ake magana a kan jariri. Ita kuwa tana cikin gida mai ƙofa a rufe, miji ya fita tun safe, kuma matan da take tambaya idan yaro ya ƙi nono ko haƙori ya sa shi zazzaɓi suna cikin WhatsApp ne da Facebook da TikTok. Su ne tsakar gidanta. Harshen mutum yana bin waɗanda ya fi yawan magana da su, kuma Hausawa sun riga sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan mace ta rubuta kalma sau ashirin a yini, ta karanta ta sau ɗari, ba sai ta yi niyya ba za ta same ta a kan harshenta da daddare. Ina roƙon ki kada ki ɗauki wannan a matsayin raina al'ada ko son nuna wayewa. Mafi yawansa alamar kaɗaici ne da neman abokan shawara.

A cikin waya kuma, ɓoye sunan yaro abin yabo ne. Uwar da ke ba da labarin fitsarin kwancen ɗanta ko rashin lafiyarsa a gaban mutanen da ba ta sani ba, gara ta ce "el-o" da ta rubuta cikakken sunansa, domin abin da aka sa a intanet yana iya jiran yaro har ya girma.

Ba kuma za mu ce ƙin kiran sunan yanka sabon abu ne ba, mu da muka fi kowa ƙwarewa a kansa. Uwa Bahaushiya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai dai "yaron nan" ko "shi wannan". Yaron da ya ci sunan kakansa yakan zama Abba ko Baba ko Baffa, yarinyar da ta ci sunan kakarta ta zama Ummi ko Uwani ko Inna. Muna da sunayen rana, Ɗanladi da Ladi, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Larai, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Muna da Tanko ga namijin da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu ga macen da ta biyo bayan maza, Gambo ga wanda ya bi tagwaye, Audi ga wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, Azumi ga wadda ta zo a watan Ramadan, Nomau ga wanda ya zo ana tsakiyar aikin gona. Sunayen yanka ma kowanne yana da abokin tafiyarsa: Abubakar Garba ne, Usman Shehu ne, Umar Sanda ne, Hauwa'u Kulu ce, Fatima Binta ce. Mutum yakan tsufa ya mutu maƙwabtansa ba su san sunan da aka raɗa masa ranar suna ba. Saboda haka idan wani ya ce laifin "el-o" shi ne ba sunan gaskiya ba ce, Hausa da kanta za ta ƙaryata shi.

Ba zan kuma ce laifin shi ne baƙuwar kalma ce ba. Imam Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dubi wata ƙaramar yarinya, Ummu Khalid, wadda aka haifa a ƙasar Habasha, ya yaba tufafinta da cewa "sanah, sanah", kalmar Habashanci mai nufin abu mai kyau. Ya yi wa yarinya magana da kalmar ƙasar da ta taso domin ya faranta mata rai. Uwar da ta ce "bebina" tana shafa kan 'yarta ba ta yi wani abin zargi ba, ko da ni da ke mun fi son jin "'yar lelena" ko "autata".

Bambancin da nake gani yana wani wuri dabam. Duk lakabin nan namu na gargajiya, wanda ya san yaron ne ya sa masa shi, kuma kowanne yana ɗauke da labari. Idan aka ce Tanko, an gaya maka yana da yayye mata. Idan aka ce Abba, an gaya maka akwai wani dattijo da gidan ke girmamawa, kuma yaron ne magajin sunansa. Lakabin yana ɗaure yaro da ranarsa da danginsa da matsayinsa a ɗaki. "El-o" ba ta ɗauke da komai. An ƙera ta ne musamman don kada ta nuna ko wane yaro ne, kuma wannan shi ne amfaninta a gaban baƙi. Kowane jariri a Legas da Landan "el-o" ne. Kalmar da aka yi don ɓoye yaro daga baƙi, idan ta zama abin da ake kiransa da shi a ɗakin uwarsa, to ta fita daga aikinta. Ba na cewa za ta lalata yarinyar. Ina cewa ta yi mata kaɗan, kuma tana da haƙƙin samun abin da ya fi haka.

Suna yana da aiki a kunnen jariri tun kafin ya iya zama. A 1995 wasu masana a Amurka, Denise Mandel da Peter Jusczyk da David Pisoni, sun nuna cewa jariri ɗan wata huɗu da rabi ya fi sauraron sunansa a kan wasu sunaye. Bayan shekara goma, Heather Bortfeld da abokan aikinta suka gano cewa ɗan wata shida yana amfani da sunansa wajen tsinto kalmar da ta biyo bayansa a cikin zance, kamar dai sunan turke ne da yake ɗaure sauran kalmomi a jikinsa. Wannan ba ya nufin dole sai sunan yanka, kuma yara suna iya riƙe sunaye biyu ko uku ba tare da ruɗewa ba, kamar yadda mu ma muka riƙe. Abin da ake bukata shi ne a samu kira tsayayye wanda yaro ya san nasa ne. Kalmomin waya kuwa yayi ne, sara ce, bana ana yi, baɗi an koma wata.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, wato "ɗan ta'addana". Na san yadda ake faɗinta, domin na ji ta a gidan wata 'yar ɗan'uwana. Tana tsaye a bakin murhu, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, tana gaya wa ƙawarta cewa ɗan ta'addan nan ya hana ta barci jiya, ya kuma juye mata garin tuwo a tsakar ɗaki. Tana dariya ne, kuma duk wanda ya ga fuskarta ya san ƙauna ce ke magana. Yaron yana zaune a ƙasa yana tura murfin kwano kamar mota. Da kalmar ta fito sai ya tsaya, ya ɗago ya dube ta, sannan ya ci gaba da wasansa. Da yamma wani baƙo ya shigo ya miƙa masa hannu ya ce, "Malam, wane ne kai?" Yaron ya buɗe ƙirji ya ce, "Ni ɗan ta'adda ne." Uwar ta yi dariya, baƙon bai yi ba, ni ma ban yi ba. A ƙasar da mutane suka binne 'yan'uwansu saboda ta'addanci, suka bar gonakinsu da garuruwansu, wannan kalma ba ta da sauƙin da take da shi a bakin wadda ta fara yin raha da ita a wata nahiya.

Ko da an ajiye nauyin kalmar a gefe, akwai matsalar shekarun yaro. Raha irin wannan gatse ce, ana faɗin mummuna ana nufin kyakkyawa, kuma yara ba sa fara gane gatse sai wajen shekara biyar zuwa shida. Duk uwar da ta taɓa ce wa ɗan shekara uku "yawwa, fasa shi" ta ga ya fasa ta san haka. Jikanki ɗan shekara huɗu yana jin kalmar, yana jin dariyar, abin da yake fahimta shi ne wannan sunansa ne kuma yana sa uwarsa farin ciki.

Sannan akwai abin da nahawun Hausa ke nuna mana ƙarara. "Ya yi ƙarya" dabam, "maƙaryaci" dabam. "Yana rigima" dabam, "rigimamme" dabam. Na farko aiki ne da ya faru ya wuce, na biyu hali ne da aka liƙa wa mutum. Ɗafa-goshin ma-, wato ƙarin da ake yi a farkon kalma, a maƙaryaci da maƙetaci, da siffofi irin su fitinanne da lalatacce da gagararre, duk suna mayar da abin da mutum ya aikata ya zama abin da mutum yake. Yara suna jin wannan bambanci. A 1999 Susan Gelman da Gail Heyman sun gwada yara 'yan shekara biyar da bakwai: wasu aka ce musu wata yarinya tana cin karas duk lokacin da ta samu, wasu aka ce musu ita "maciyar karas" ce. Waɗanda suka ji an ba ta suna sun fi ɗauka cewa halin nata mai ɗorewa ne, za ta girma da shi. Idan haka abin yake a kan karas, ki auna yadda zai kasance idan sunan ɓarna ne kuma a kan yaron kansa ake faɗa kullum.

Iyayenmu sun san wannan ba tare da gwaji ba, shi ya sa suke cewa bakin uwa yana kama ɗa. Alƙur'ani a Suratul Hujurati, aya ta 11, ya hana jifan juna da miyagun laƙubba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum yin mummunar addu'a ga 'ya'yansa, kamar yadda Imam Muslim ya ruwaito, kuma yakan sauya suna mai mugun nufi. Ya ce wa wani mai suna Hazn, wato mai tsanani, ya koma Sahl, mai sauƙi, mutumin ya ce ba zai canja sunan da mahaifinsa ya sa masa ba, kuma jikansa Sa'idu ɗan Musayyib ya ce tsananin bai gushe a cikin zuriyarsu ba.

Adalci ne in faɗa cewa namu na da ma ba duka ne masu kyau ba. An kira yara Ajuji da Ayashe don tsoron wabi, an kira wasu da lakabin da ke nuna launin fatarsu ko gajartarsu ko wani abu a jikinsu, suka girma suna jin zafinsa. Kakanni kuma har gobe suna cewa "ja'iri" cikin so. Amma ki duba wasan kaka da jika. Idan kika ce wa jikanki "mijina, yau ba cefane?" ko kika ce wa jikanyarki "kishiya", da su kike magana, ido cikin ido, kuma al'ada ta ba su damar ramawa. Yaro yana koyon cewa wasa ne domin yana cikinsa. "Lanlod" da "ɗan ta'adda" kuwa raha ce ta manya da manya, an gina ta ne don gajiyayyun iyaye su yi wa junansu jaje, yaro abin labari ne kawai a cikinta. Gajiyar gaskiya ce, kuma surukarki tana da haƙƙin ta faɗe ta ga ƙawayenta. Kunnen yaron ne bai kamata ya zama wurin sauke ta ba.

Na ce akwai gurbin da ke ce za ki iya rufewa. Jikanki sunan maigidanki gare shi. Surukarki, idan tana da kunya, ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan uban mijinta ba, balle ta daka masa tsawa da shi idan ya hau kan tebur, kuma ga shi ɗan fari. Ashe ƙin kiran sunan da kika gani ladabi ne irin wanda ke ma kika yi. A gidan gandu, kafin a watse daga taron suna, wata gwaggo ko kaka ta riga ta ce "Abba ne" ko "Baffa ne", kowa ya kama. Su kuwa sun koma Abuja da jariri mai sunan da uwarsa ba za ta iya faɗa ba, kuma bisa ga abin da kika rubuto, ba wanda ya ba ta madadinsa. Dole ta kira shi da wani abu, sai ta ɗauki abin da ke kusa da hannunta.

Saboda haka shawarata ita ce kada ki fara da faɗa, kuma kada ki bi ta wajen ɗanki ya kai mata ƙorafi, domin za ta ji kamar an kai ƙararta. Ki zaɓar wa yaron lakabi, ko ki ba ta biyu ta zaɓa, Abba ko Baffa ko Halifa ko wanda gidanku ya saba da shi, ki gaya mata cewa kin lura tana jin nauyin sunan Malam kuma kin ji daɗin hakan. Yarinyar ma ki duba ranar da aka haife ta ko wadda ta ci sunanta, ki ba ta nata. Ki riƙa kiransu da su a waya duk lokacin da kuka gaisa, ki sa baffanninsu da gwaggwanninsu su yi haka, domin lakabi yana kama mutum ne idan bakuna da yawa suka taru a kansa. Ki zaunar da yaron ki gaya masa cikakken sunansa, da wanda ya ci sunansa, da irin mutumin da kakansa yake, ko da ba zai riƙe duka ba a yanzu. "Bebi" ki bar mata abarta, "el-o" ma za ta faɗi da kanta ranar da yarinyar ta samu abin da ya fi ta. "Ɗan ta'adda" kaɗai za ki roƙe ta ta daina, ku biyu a ɗaki, ba a gaban mijinta ko yaran ba, kuma ki gaya mata amsar da yaron ya ba ki da kika tambaye shi sunansa, domin mai yiwuwa ita ba ta taɓa tambayarsa ba.